An Haƙa, An Buɗe, An Tafi: Wa Zai Gyara Famfon Ƙauye?

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara a Arewa ya san wannan abin. Dandamalin siminti a bakin gari, famfon tuƙa-tuƙa tsaye a kai ya yi tsatsa, hannunsa ya saki yana lilo, ga allon ƙarfe a gefe ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin da shekarar da aka buɗe shi. Awaki na kwance a inda ya kamata a ga layin bokitai. In aka tambayi mutanen gari, amsar ba ta da tsawo: "Ya lalace." Tun yaushe? "Ai an daɗe." Wa aka gaya wa? "An ce za a zo." 'Yan mata kuwa sun koma inda kakanninsu suka saba, kududdufi da damina, ramin yashi a busasshen rafi da rani.

Wani nazari da masana na Bankin Duniya suka yi a kan ƙidayar wuraren ɗiban ruwa da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2015 ya nuna cewa sama da kashi 38 cikin 100 na ingantattun wuraren ruwa a Nijeriya ba sa aiki. Abin da ya fi tayar da hankali a ciki shi ne, fiye da ɗaya cikin huɗu kan mutu tun a shekarar farko, fentin allon ma bai gama kodewa ba. An kashe kuɗin, an yanka kyalle, an ɗauki hoto, an rubuta a rahoto cewa garin ya samu ruwa. A takarda garin ya fita daga jerin mabuƙata, don haka ba a sa ran wani ya sake waiwayarsa nan kusa.

Yawancin abin da ke kashe famfon tuƙa-tuƙa ƙaramin abu ne. A can ƙasa cikin silinda akwai robobi da ke tsotso ruwa, kuma dole su cinye da yawan tuƙi, musamman inda gari guda ya dogara da famfo ɗaya daga asuba har isha. Wani lokaci sarƙa ce ke tsinkewa, ko rodi ya kwance, ko bututu ya ci tsatsa ya huje. Makaniken da ya san aikin, in yana da kayan aiki da mutum biyu masu taya shi ɗaga bututu, kafin azahar ya gama. Amma makaniken yana ina? Robar a wane shago ake sayar da ita? Wa ke riƙe da kuɗin? Ba a tanadi amsar ko ɗaya ba ranar da aka buɗe famfon. Haka abin yake ga na sola da ake yayi yanzu: injin da ke cikin rijiya ya ƙone, ko na'urar da ke sarrafa wutar ta tsaya, ko ɓarayi su kwance farantan cikin dare, sai tankin ya tsaya a sama babu ko ɗigo.

Wasu rijiyoyin kuma tun daga haƙa aka cuce su. Ƙasar Arewa ba iri ɗaya ba ce a ƙarƙashi. A Barno da Yobe da gabashin Jigawa, da kuma yankin Sakkwato da Kabi, akwai shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa. Amma a yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina da sassan Bauchi da Zamfara, dutse ne a ƙasa, ruwa kuma sai a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. A irin wannan wuri dole a yi awon ƙasa kafin a kafa injin haƙa. Ɗan kwangilar da ke son ya rage kashe kuɗi sai ya tsallake awon, ya haƙa a ƙofar gidan wanda ya fi faɗa a ji a garin. In kuma a ƙarshen damina aka yi haƙar, lokacin da ruwa ke kusa, sai ya tsaya da zarar ya ga laka ta fara fitowa. Famfon zai ba da ruwa har cikin hunturu. Watan Maris na kamawa sai ya fara tari, a Afrilu ya ɗauke, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Me ya sa ake ta haƙa sababbi alhali tsofaffin na nan a mace? Saboda sabuwar rijiya tana da allo, gyara kuwa ba shi da shi. Ɗan majalisar da ya kawo aikin mazaɓa yana son abin da zai nuna ranar kamfe, kuma babu mai tara makaɗa don an canja roba. Ma'aikatun ruwa na jihohi su ma kasafinsu ya fi karkata ga sababbin kwangiloli. Har masu hali da ke haƙa rijiya don neman lada, waɗanda niyyarsu ba abin zargi ba ce, sukan miƙa makulli ga mai unguwa su tafi, ba su sake tambaya ba. Ya kamata malamai su riƙa tunatar da su cewa rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ɗan Affan ya saya a Madina wakafi ya mayar da ita, kuma sadaka mai gudana sai ruwan yana gudana. Mai kuɗin da ya ware hayar shago ɗaya ko amfanin gona ɗaya don gyaran rijiyar da ya haƙa ya fi wanda ya haƙa uku ya bar su suka mutu.

Farashin wannan sakaci da rayuka ake biyansa. A 2021 Nijeriya ta ga annobar amai da gudawa mafi muni cikin shekaru masu yawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum 111,062 da ake zaton sun kamu, 3,604 suka rasu. Jihohi huɗu, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, su suka ɗauki fiye da rabin waɗanda suka kamu, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne abin ya fi shafa. A wannan shekara ɗaya kwalara ta kashe mutanen da suka fi waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a ƙasar tun ɓullarta har zuwa ƙarshen 2021. Ba a rufe kasuwa ba, ba a riƙa karanta alƙaluma kullum dare a talabijin ba, domin masu mutuwar 'ya'yan talakawa ne a ƙauyuka da bayan gari. Cutar kuma ba ta san iyaka ba: a damina guda ta bi Maraɗi da Damagaram da Tawa a Jamhuriyar Nijar, inda sama da mutum 5,000 suka kamu.

Wanda zai ce matsalar ta fi ƙarfin ƙasar nan, sai a tuna masa da kurkunu.

Matasan yau da yawa ba su taɓa ganinsa ba, amma dattawa suna da tabonsa a idon sawu. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu 'yan ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba, a cikinsu akwai 'ya'yan tsutsar. Shekara guda ba ya jin komai. Sai wata rana ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, ya fashe, farar tsutsa mai kaurin zare ta leƙo. Tsawonta kan kai mita guda. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya, sai dai a riƙa naɗe ta a jikin ɗan tsinke kaɗan-kaɗan, kullum ɗan taƙi, har makonni, in ta tsinke kuwa ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Don ya ji sanyi mai ciwon sai ya tsoma ƙafar a tafki, tsutsar ta zubar da dubban 'ya'yanta, masu sha su sake ɗauka. A ƙasar Hausa da damina take fitowa, lokacin noma, ta kwantar da magidanci da matarsa da manyan 'ya'yansa a tabarma ɗaya, gona ta cika da ciyawa.

Da aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a 1988 zuwa 1989, an samu sama da mutum 650,000 ɗauke da kurkunu a ƙauyuka kusan 6,000. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya a duniya. Ma'aikatar lafiya ta tarayya, tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka ɗaura ɗamara. An haƙa rijiyoyi a wasu garuruwan, amma ƙashin bayan aikin wani abu ne daban. A kowane ƙauye da ke da cutar an zaɓi mutum ɗaya ɗan garin, wanda kowa ya san gidansu, aka koya masa aikin. Yana da littafi. Yana bi gida-gida ya rubuta wanda ya kamu, ya wanke masa ciwon ya ɗaure, ya roƙe shi kada ya shiga tafki. Yana raba ƙyallen tace ruwa, in ya yage ya kawo sabo. Makiyaya da manoma da ke wuni a daji an ba su ɗan bututu mai rariya a baki, suna rataye shi a wuya, su zuƙi ruwa ta cikinsa. Ana zuba magani a tafkuna don kashe ƙwarin. Duk wata mai duba aiki yana zuwa a kan babur ya karɓi lissafi, lissafin ya wuce ƙaramar hukuma, ya wuce jiha, ya isa tarayya. In ƙauye bai aiko da rahoto ba, ana sani, ana kuma bin sawu.

Daga 1999 Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin da ƙafarsa. Ya riƙa zuwa ƙauyukan da abin ya yi katutu, ya sa gwamna ko ciyaman ya yi alkawari a gaban jama'a, sannan ya dawo ya tambayi inda aka kwana. Wannan dawowar ita ce abin da ya bambanta shi da sauran manyan baƙi. An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Nijeriya a Nuwamba 2008 a jihar Inugu, kuma a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar shaidar rabuwa da shi, tare da Nijar. A duniya baki ɗaya, daga kimanin mutum miliyan 3.5 a 1986 an sauko zuwa 14 a 2023, yawancinsu a Chadi.

Gaskiya ne kurkunu ya fi kwalara sauƙin shawo kai, tunda hanya ɗaya yake bi. Duk da haka abin da ya yi aiki a kansa shi ne ainihin abin da famfon ƙauye ya rasa: mutum mai suna wanda nauyin ke wuyansa, ƙananan kaya da ke isa hannunsa a kan lokaci, lissafi duk wata, da babban da ke dawowa ya duba. A yau jami'in ruwa na ƙaramar hukuma zai iya faɗin rijiyoyi nawa aka haƙa a yankinsa, amma da wuya ya iya faɗin nawa ne suka ba da ruwa a makon jiya.

An gwada wani abu mai kama da wannan. Shirye-shiryen da UNICEF ta gudanar da hukumomin ruwan karkara na jihohi, da tallafin Birtaniya da Tarayyar Turai, sun kafa kwamitocin ruwa da tsafta a dubban ƙauyuka, maza da mata, sun horar da makanikai na yanki, sun kuma yi ƙoƙarin sa 'yan kasuwa su riƙa ajiye kayan gyara. Inda kwamitin ke da rai ana ganin bambanci: akwai ɗan asusu, akwai lambar makanike, famfo ya tsaya yau jibi ya tashi. Rauninsa shi ne an ɗora shi kacokan a kan aikin sa kai. Ma'aji ya tafi cin rani, sakatare ya samu aiki a birni, shirin masu tallafi ya ƙare, motar da ke zagayawa ta daina zuwa. Ba adalci ba ne a ce talakan da ke neman abin da zai ci shi zai riƙe ma'aikatar ruwa kyauta har abada, alhali akwai waɗanda ake biya albashi da sunan wannan aikin. Makaniken yanki ya kamata ya zama mai kwantiragi, a ba shi famfo talatin ko arba'in, a biya shi gwargwadon kwanakin da suka yi suna ba da ruwa. Ƙananan hukumomi ba su da sauran uzurin da suka saba bayarwa, tunda a Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. In hukuncin ya tabbata a aikace, abu na farko da jama'a za su tambayi ciyaman shi ne layin gyaran famfo a kasafinsa.

Sai maganar da 'yan siyasa ke gudu, wato biyan kuɗin ruwa. Ana cewa ruwa kyautar Allah ne, kuma haka ne, amma bututu da roba da man janareta saye ake yi. Talaka kuwa tuni yake biya, kuma shi ya fi kowa biya da tsada. A Kano, birnin da ya samu ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e, yau unguwanni da dama sun manta rabon da famfo ya yi ko tari. An gina madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, an ƙara matatun Tamburawa da Watari, amma rashin wuta da ruɓaɓɓun bututu da yawan jama'a sun cinye ƙoƙarin. Kano ba ita kaɗai ba ce: a biranen Nijeriya, gidajen da ruwan famfo ke shiga sun sauko daga kashi 32 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 7 a 2015. Wanda ya cike giɓin shi ne ɗan garuwa, da kurarsa da jarkokinsa masu cin lita 25, yana turawa cikin rana daga rijiyar wani mai hali zuwa lungu. Mai gidan da ya haƙa burtsatse a harabarsa yana wanke mota da ruwan da bai san lissafinsa ba. Matar da ke ɗakin haya a Rimin Kebe ko Kurna tana ƙirga jarka, ta raba ta tsakanin girki da wanka da wankin yara, kuma wanke hannu ne ke fara faɗuwa daga lissafin. Ɗan garuwa ba abokin gaba ba ne, shi ma neman halal yake, kuma ba don shi ba da birnin ya tsaya. Abin da ya dace hukuma ta san inda yake ɗebowa, ta auna ruwan, ta sa a riƙa zuba sinadarin kulorin a tankunan da yake ɗiba, a kuma riƙa wanke jarkokin da cikinsu ya yi kore.

A Nijar an daɗe da karɓar cewa ruwan ƙauye ana biya. Ƙananan tankunan garuruwa da yawa ƙaramar hukuma kan danƙa su ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, mai famfo na zaune a bakin famfo yana karɓar 'yan kuɗi a kan kowace jarka, ana ware wani kaso don gyara da sabunta inji. Tsarin yana da nasa rigingimun, amma in famfo ya tsaya akwai wanda cinikinsa ya tsaya, shi zai fara neman makanike. Sharaɗin kawai shi ne kuɗin ya zama kaɗan, lissafin ya zama a fili, a kuma ɗauke wa gajiyayyu da marayu, waɗanda kowane mai unguwa ya san su.

Ko famfon na aiki, da sauran tafiya kafin ruwa ya isa baki. Binciken WASHNORM na 2021, wanda ma'aikatar albarkatun ruwa da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi da UNICEF, ya samu ƙwayoyin cuta na bahaya a kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da aka auna a inda ake shansa. A duba randa a tsakar gida. Ruwan da ke ciki mai sanyi ne, garau, an rufe da faifai. Moɗa ɗaya ce, tana kan murfin ko ta faɗo ƙasa kaji sun bi ta kai. Yaro ya dawo daga bayan gida, ya yi tsarki da buta babu sabulu, ya ɗauki moɗar ya zurma hannu har wuyan hannu don ruwan ya yi ƙasa, ya sha, ya mayar da ragowar. Da daddare an kawo tuwo, an kawo kwano ɗaya na wanke hannu, ya fara daga babba ya ƙare a kan auta, wanda ya fi kowa rauni shi ke wanke hannu a ruwan da ya fi datti. Gyaran wannan ba ya buƙatar kwangila: moɗa mai dogon mariƙi da ake ratayewa, ko randa mai ɗan famfo a gindi, zuba ruwa daga buta a kan hannu maimakon tsomawa, sabulu ko toka a ƙofar makewayi. Nazarce-nazarce da dama sun nuna wanke hannu da sabulu kaɗai na rage gudawa da kimanin kashi 30 cikin 100.

A nan akwai abin da malamai ne kawai za su iya warwarewa. Duk yaron da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san hukuncin ruwa: muddin launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba, ya halatta a yi alwala da shi. Mutane da yawa sun ɗauki wannan ma'auni suka ɗora a kan ruwan sha. Ƙwayar kwalara kuwa ba ta canja launi, ba ta da wari. Alif ma da ake jefawa a ruwa laka yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. Limami ɗaya da zai yi wannan bayani a huɗubar Juma'a kafin damina, ya haɗa da hanin da addini ya yi game da yin bahaya a hanya da inuwa da mashaya, zai isar da saƙon inda fastar asibiti ba ta kaiwa. Ya kuma gaya musu cewa mai amai da gudawa ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a kuma garzaya da shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Dattin da ke shiga ruwan daga wani wuri yake fitowa. Binciken na 2021 ya ce mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili a Nijeriya. Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a Nuwamba 2018, aka ƙaddamar da gangamin amfani da banɗaki a 2019 da burin gamawa a 2025, daga baya aka ɗaga zuwa 2030. A Oktoba 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar duk ƙananan hukumominta 27 sun daina bahaya a fili, shekara guda bayan kwalara ta yi mata ɓarna. Hanyar da aka bi, wadda ta samo asali daga Bangaladash, ba raba kuɗi ba ce. Ana tara mutanen gari su zagaya da ƙafarsu su ga inda ake yi, su bi sawun ƙuda daga can zuwa kwanon abinci, su yanke shawara da kansu, kowane magidanci ya haƙa masai. Hakimai da dagatai sun sa baki, shi ya sa abin ya kama. Jigawa ta cancanci yabo, kuma ta rufe bakin masu cewa talauci ne ya hana.

Sai dai masai ma famfo ne ta wannan fuska, yana buƙatar mai kula. Wanda aka haƙa a ƙasa mai yashi aka rufe da itace da ƙasa yakan rufta a damina ta biyu, ambaliyar kogin Haɗeja kuwa kusan duk shekara tana share na garuruwan da ke bakinsa. In ba a koma an duba ba, shaidar na nan a bango, mutane sun koma bayan gari. A birni matsalar cika ce. Gidajen sun matsu, masai na nan taku kaɗan daga rijiya alhali ana son aƙalla mita 30 a tsakani, in ya cika kuma masu kwasa su zo cikin dare da bokiti da baro, babu safar hannu babu takalmi, su juye a kududdufi ko kwata mafi kusa don babu wurin da aka tanadar musu. A Kano ƙazantar birni na bin Jakara ta gangara, a gefenta kuma ana ban ruwan latas da kabeji da ke dawowa kasuwa. Waɗannan masu kwasa aikin lafiyar jama'a suke yi, sun cancanci rajista da kayan kariya da wurin zubarwa, maimakon ƙyama.

Akwai kuma waɗanda ba su da gidan da za a ce su haƙa masai a ciki. Almajirai ɗari a tsangaya mai banɗaki ɗaya ko babu, 'yan kasuwar ƙauye da ke wuni ranar kasuwa, fasinjoji a tasha, 'yan gudun hijirar da rikicin Barno da na Zamfara ya tara a makarantu da kangwaye. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, ya haɗe masai da rijiyoyi, kafin wata guda ya cika jihar Barno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Binciken WASHNORM ya samu kashi 11 cikin 100 ne kawai na makarantu ke da ruwa da banɗaki da wurin wanke hannu a haɗe, kasuwanni da tashoshin mota kashi 4, asibitoci kashi 6. Wannan na ƙarshe ya kamata ya hana kwamishinan lafiya barci. Ma'anarsa mace na haihuwa a ɗakin da mijinta ne ya sayo jarkar ruwan da ungozoma za ta wanke hannu. Yarinyar da ta fara al'ada a makarantar da ba ta da makewayi mai ƙofa kuwa gida take zama kwanakin, wata daga nan ba ta komawa.

Kundin tsarin mulki ya ɗora banɗakunan jama'a da kwasar shara da ƙazanta a kan ƙananan hukumomi, kuma ba sabon aiki ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffi na tuna duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa ya duba masai da kwata, mata na jin an ce ga shi nan su hau shara. An ji tsoronsa, wani lokaci an zarge shi da zalunci da karɓar na goro, ba kuma wanda ke son a dawo da wannan ɓangaren. Amma jami'an tsaftar muhalli suna nan, makarantun koyon aikin tsafta irin ta Kano suna yaye su duk shekara, da yawa suna zaune babu aiki, waɗanda ke aikin kuma babu babur babu mai. Su ne ya dace a ba littafin nan irin na ma'aikacin kurkunu, ko wayar hannu da ta maye gurbinsa: famfo nawa ke aiki a gundumar nan a wannan watan, wanne ya tsaya kuma tun yaushe, makaranta nawa ke da ruwa, masai nawa suka rufta. A liƙa lissafin a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi, gidajen rediyon jiha su karanta shi kamar yadda suke karanta farashin hatsi.

Akwai kuɗin da za a fara da shi. A 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don ruwa da tsafta a jihohi bakwai, ciki har da Kaduna da Katsina da Gombe da Filato, kuma an tsara shi ne a biya jiha gwargwadon sakamakon da aka tabbatar. Bashi ne da jikoki za su biya, don haka 'yan majalisun waɗannan jihohi da 'yan jarida suna da haƙƙin tambayar nawa ne daga ciki ya tafi ga tayar da matattun famfuna. Lokacin yin gyaran kuma sananne ne. Kwalara a Arewa takan tashi ne bayan ruwan farko ya wanke bayan gari ya zuba a rijiyoyi da tafkuna, ta yi ƙamari daga Yuni zuwa Satumba. Watannin Janairu zuwa Afrilu, lokacin da hanyoyi ke bushe kuma ruwan ƙasa ya yi nisa har za a gane rijiyar da ba ta kai zurfi ba, su ne na zagayawa da makanikai, da ɗaga bakin rijiyoyi da siminti, da kwashe masai, da kai kulorin da gishirin gudawa kowane ƙaramin asibiti kafin hanya ta yanke.